Babi na Biyar: Shekara Biyar a Jami'a, Shekara Ɗaya a Makarantar Lauyoyi

Duk wanda ke son a kira shi lauya a Nijeriya sai ya bi ta zango biyu, kuma kowane zango da hukumar da ke riƙe da linzaminsa. Na farko shi ne zangon jami'a, inda ɗalibi ke shafe shekara biyar a tsangayar shari'a, ko shekara huɗu idan ya shigo da wata takardar shaida da ta ba shi damar farawa daga aji na biyu, har ya sami digirin farko. Na biyu shi ne Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ilimin Shari'a, inda ake ba shi horo na kimanin shekara guda, ya rubuta jarrabawar ƙarshe, sannan a shigar da shi sahun lauyoyi, a rubuta sunansa a rijistar Kotun Ƙoli. An gina wannan tsari ne a kan wani rabon aiki mai sauƙin faɗa, wato jami'a ta koya wa ɗalibi abin da doka ta ce, makarantar lauyoyi kuma ta koya masa yadda ake aiki da ita. Abin da wannan babi ke son nunawa shi ne cewa rabon ya yi wa zamaninsa amfani, amma a yau ya gaza, domin fannonin shari'a sun yawaita, kuma gwanintar aiki ba abar da za a ɗura wa mutum cikin 'yan watanni ba ce bayan ya yi shekara biyar bai taɓa zama da mai ƙara ba.

Kafin samun 'yancin kai, ɗan ƙasar da ke son aikin lauya sai ya haye teku zuwa Ingila, ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan lauyoyi huɗu na birnin Landan. Ta wannan hanya Christopher Sapara Williams ya zama lauyan farko ɗan Nijeriya a 1879, kuma ta nan ne Alhaji Abdul-Ganiyu Folorunsho Abdul-Razaq na Ilorin, lauyan farko daga Jihar Arewa, ya bi a 1955, sai Mohammed Bello na Katsina, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Waɗannan mutane sukan dawo da sanin dokar Ingila, amma ba a koya musu dokar ƙasa da gonaki ta gida ba, balle al'adun kotunan da za su tsaya a gabansu. Domin cike wannan giɓi ne aka kafa kwamitin Unsworth a 1959, wanda shawararsa ta haifar da Dokar Ilimin Shari'a ta 1962, aka buɗe makarantar lauyoyi a titin Igbosere da ke Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal, a wani kwas na wata uku. A daidai wannan lokaci jami'o'in Nsukka da Legas da Ife da ta Ahmadu Bello da ke Zariya suka buɗe tsangayoyin shari'a. Makarantar da aka yi don mutum takwas ita ce a yau ke karɓar dubban ɗalibai kowace shekara, hedikwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997, tana da rassa a Legas da Inugu da Bagauda ta jihar Kano da Yola da Yanagowa da Fatakwal.

Arewa kuwa tana da nata tarihin koyon shari'a wanda ya girmi duk wannan. Tun ƙarnoni da suka wuce, almajirin fiƙihu yakan fara da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya wuce zuwa Mukhtasar na Khalil, wanda ke son alƙalanci kuma ya karanci Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littafin da ya keɓanta da hukunce-hukuncen zaman shari'a da hujjoji. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don su horar da alƙalai da ma'aikatan kotunan gargajiya, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Abin lura a tsohon tsarin shi ne cewa ba a raba karatu da aiki ba, domin mai neman alƙalanci yakan zauna a majalisar alƙali a matsayin muhuti ko magatakarda, yana jin yadda ake tambayar masu husuma da yadda ake tantance shaidu, shekara da shekaru, kafin a damƙa masa hukunci. Abin da masana ilimin shari'a na zamani ke fafutukar shigarwa cikin jami'a, wato koyo ta hanyar yi, ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Idan aka duba abin da ake karantawa a shekara biyar ɗin jami'a, za a ga kashi biyu ne. Akwai darussan dole, waɗanda babu mai samun digiri sai ya ci su: tsarin shari'ar Nijeriya, da dokar tsarin mulki, da dokar yarjejeniya, da dokar laifuffuka, da dokar ɓarna da diyya, da dokar ƙasa, da dokar amana, da dokar kasuwanci, da ta kamfanoni, da dokar shaida, da falsafar shari'a. Waɗannan su ne ƙashin bayan karatun, kuma mafi yawansu a kan tsoffin hukunce-hukuncen Ingila aka ɗora su, saboda dokokin karɓa da Turawa suka bari sun shigo da dokar gama-gari ta Ingila da dokokinta na gaba ɗaya waɗanda ke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900. Shi ya sa ɗalibi a Sakkwato ko Maiduguri ke haddace shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ta taso daga dodon koɗi da aka ce an tarar a kwalbar abin sha a ƙasar Sikotilan, domin daga ita aka ciro ƙa'idar cewa mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar mai amfani da su ko da babu ciniki kai tsaye tsakaninsu. Ko a darussan dole ɗin ma akwai bambancin yanki, domin Kudu na aiki da kundin laifuffukan da aka kwaikwayo daga na Kwinsilan ta Ostireliya, Arewa kuma da kundin Final Kot wanda ya fara aiki a 1960, aka tsara shi bisa na Sudan bayan shawarar wani kwamitin masana da Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta a 1958.

Kashi na biyu shi ne darussan zaɓi, wato fannonin musamman da ɗalibi ke ɗiba daga cikinsu gwargwadon sha'awarsa da abin da tsangayarsa ke da malaminsa: dokar iyali, dokar ƙwadago, dokar haraji, dokar banki da inshora, dokar man fetur da iskar gas, dokar muhalli, dokar haƙƙin mallakar fasaha, dokar ƙasa da ƙasa, da makamantansu. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin cikon benci, su zaɓi wanda aka ce malaminsa ba ya rowar maki, alhali a nan ne doka ke haɗuwa da abincin mutane. Haka kuma a nan ne doka ta fi saurin sauyawa. Cikin 'yan shekaru kaɗan an sami Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, da sabuwar Dokar Kamfanoni ta 2020 wadda ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 wadda ta shafi kowane marubuci da mawaƙi da mai shirya fim a Kano, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Malamin da ke karantar da ɗayan waɗannan fannoni daga takardun da ya rubuta shekara goma da suka wuce, dokar da aka soke yake koyarwa, kuma ɗalibansa ba za su gane haka ba sai ranar da suka tsaya gaban alƙali.

Fannin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, ga mai karatu a Arewa, shi ne shari'ar Musulunci a matsayin darasin jami'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966, kuma jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Ilorin suna ba da digirin da ya haɗa dokar gama-gari da shari'a. Ɗalibin wannan digiri yana ɗauke da kaya biyu a ka, domin bayan duk darussan dole da aka lissafa, sai ya karanci usulul fiƙihi, wato ƙa'idojin ciro hukunci daga tushensa, da hukunce-hukuncen aure da saki, da mu'amalat wato cinikayya, da mirasi wato rabon gado, da murafa'at wato tsarin gabatar da ƙara da hujja. Wannan nauyi ba ado ba ne. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron al'amuran aure da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, sashe na 288 kuma ya buƙaci a riƙa la'akari da samun masana shari'ar Musulunci cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Tun daga 1999, lokacin da Zamfara ta buɗe ƙofa wasu jihohin Arewa goma sha ɗaya suka bi baya wajen faɗaɗa aiki da shari'a, buƙatar lauyan da ya san ɓangarorin biyu ta ƙaru.

Rabon gado kaɗai ya isa ya nuna cewa wannan fanni gwaninta ce ta hannu, ba hadda ba. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Matar na da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, 'ya'yan biyu na da biyu bisa uku, uwa da uba kowa na da sudusi, wato ɗaya bisa shida. Idan aka mayar da dukiyar kaso 24, matar ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, jimla 27, wato rabon ya zarce dukiyar. Mafitar da malaman fara'ila suka bayar ita ce auli, a ɗaga asalin lissafin daga 24 zuwa 27, ta yadda ragin zai hau kan kowa daidai gwargwadon rabonsa. Ɗalibi zai iya warware wannan a takardar jarrabawa cikin minti biyar, amma a aikace dukiyar ba lamba ba ce, gida ne a cikin birni wanda ba ya rabuwa, da gona wadda wani ƙanin mamaci ke cewa ta gandu ce, da rumfar kasuwa, da bashin da ba a rubuta ba, da sadakin da matar ke cewa ba a cika mata ba, kuma dole a fitar da bashi da wasiyya kafin a taɓa rabo. Ga kuma inda dokokin biyu ke karo: a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmi zai iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ba tare da ƙa'idar sulusi, wato taƙaita wasiyya ga ɗaya bisa uku na dukiya, ta ɗaure shi ba, abin da ya sa daga baya wasu jihohi, cikinsu har da Kwara, suka yi nasu dokokin wasiyya da ke kare hukuncin shari'a ga Musulmi. Lauyan da ya san ɓangare ɗaya kawai zai iya rubuta wa Musulmi wasiyyar da za ta jefa magadansa cikin shari'ar shekaru.

Irin wannan haɗuwa ce ke faruwa a bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojinsa a 2011, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Takardar murabaha, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka bayyana, dole ta inganta a fiƙihu, kuma dole ta tsaya da ƙafarta a babbar kotu idan rigima ta taso, inda da dokar yarjejeniya da ta banki za a auna ta. Mai rubuta irin wannan takarda sai ya sha daga rijiyoyin biyu.

Dokar ƙasa da gonaki darasin dole ce, amma aikin da ke cikinta ya fi kama da sana'a ta musamman, kuma mafi yawan abin da sabon lauya zai fara cin abinci da shi ke nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta mayar da abin da mutum ke da shi haƙƙin zama maimakon cikakkiyar mallaka, tsarin da Arewa ta riga ta sani tun daga dokar ƙasa ta 1910 da wadda ta biyo baya a 1962. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da filin da ke da takardar gwamna ba tare da amincewarsa ba, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa. Duk ɗalibi ya san wannan hukunci. Abin da kaɗan suka sani kafin su kammala shi ne yadda ake zuwa ma'aikatar ƙasa a binciki fayil, a gano ko filin na jingine a wani banki, ko an taɓa soke takardarsa, ko mai sayarwar magaji ɗaya ne cikin goma wanda sauran ba su wakilta ba.

A nan ne maganar gwanintar aiki ke shigowa, kuma tana farawa ne daga abin da ake ganin ƙarami, wato sauraro. Mutumin da ya zo wurin lauya ba ya zuwa da matsalarsa a tsare bisa babukan littafi, labari yake kawowa, mai tsawo, wanda ya fara daga kakansa, kuma muhimmiyar maganar na iya fitowa a ƙarshe, yana shirin tashi. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi, domin da Hausa za a yi hirar, da Turanci kuma za a shigar da ƙarar a babbar kotu, saboda haka lauya tafinta ne tun kafin ya zama mai ba da kariya. Idan manomi ya ce gonar jingina ce a hannun maƙwabcinsa, yana nufin tsarin da mai ba da bashi ke riƙe gona yana nomawa har ranar da aka biya shi, kuma gonar ba ta zama tasa komai daɗewa, wanda ya sha bamban da jinginar banki ta dokar Ingila. Idan ya ce aro ne, ko haya, ko riƙo, ko kyauta, kowace kalma da hukuncinta, kuma lauyan da ya fassara aro da kalmar da ke nufin kyauta ya sarayar da gonar tun kafin a zauna. Mace kuma da ta zo neman khul'i, wato rabuwar da take fansar kanta da mayar da sadaki, ba lalle ta iya faɗin abin da ke damunta a gaban wanda ya rako ta ba, sai mai tambaya ya san yadda zai ba ta sarari ba tare da ya keta kunyarta ba. Babu darasin dole ko ɗaya da ke koyar da wannan, kuma ba a koyonsa sai da maimaici a ƙarƙashin idon wanda ya iya.

Bayan sauraro sai rubutu. Rabin aikin lauya a kan takarda yake ƙarewa: takardar ƙara, da takardar rantsuwa, da yarjejeniyar haya, da wasiƙar gargaɗi, da rubutaccen jawabin ƙarshe. Kuskure kaɗan a nan yakan rushe shari'a baki ɗaya. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauya, bisa hujjar cewa mutumin da sunansa ke cikin rijista ne kawai doka ta sani a matsayin lauya, kuma kotun ta sake tabbatar da wannan matsayi a 2012. Ƙararraki da dama sun mutu a kan wannan gaɓa ba tare da an taɓa duba gaskiyar masu su ba. Haka nan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, kamar saƙon waya ko bayanin asusun banki, amma da sharaɗin a kafa hujjar yadda na'urar ke aiki, yawanci ta hanyar takardar tabbaci, kuma a shari'ar zaɓen Kubor da Dickson Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Mai ƙara da ya rasa haƙƙinsa ta wannan hanya ba zai taɓa fahimtar dalili ba, abin da ya sani shi ne yana da gaskiya kuma ya biya lauya.

Makarantar lauyoyi ta yi ƙoƙari a nata ɓangaren. Tun daga gyaran manhajar da ta yi a 2008, ta tattara karatunta cikin darussa biyar, wato gudanar da ƙarar farar hula, da ta laifuffuka, da aikin dukiya da filaye, da aikin kamfanoni, da ɗa'a da dabarun sana'a, kuma tana tura ɗalibai makonni su zauna a kotuna da ofisoshin lauyoyi. Sai dai aji mai ɗaruruwan mutane ba wurin da malami zai zauna ya gyara wa kowane ɗalibi takardar rantsuwarsa ba ne, kuma ɗalibin da jarrabawar ƙarshe ke gabansa hankalinsa na kan hadda. Ga shi kuma a Nijeriya ba a raba sana'ar gida biyu kamar yadda ake yi a Ingila ba, inda masu tsayawa a manyan kotuna daban, masu aikin ofis daban. Ranar da aka shigar da mutum sahun lauyoyi, doka ta ba shi izinin yin duka biyun.

Wannan ne ya sa aka koma ga jami'a, ta hanyar abin da ake kira asibitin shari'a, sunan da aka aro daga yadda ɗaliban likita ke koyo a gefen gadon majiyyaci. Ɗaki ne a cikin tsangaya inda talaka ke kawo matsalarsa kyauta, ɗaliban aji huɗu da biyar su saurare shi, su buɗe masa fayil, su yi bincike, su rubuta takardu, duk a ƙarƙashin kulawar malamin da shi kansa lauya ne. Tunanin ya daɗe, domin masanin shari'ar nan na Amurka, Jerome Frank, ya yi kira gare shi tun 1933, jami'o'in Afirka ta Kudu kuma suka ɗauke shi a shekarun 1970. A Nijeriya ƙungiyar NULAI ta cibiyoyin agajin shari'a na jami'o'i, wadda aka kafa a 2003, ita ta jagoranci shigo da shi, aka fara gwaji a jami'o'i huɗu: ta Maiduguri, da ta Uyo, da ta jihar Abiya, da Adekunle Ajasin da ke Akungba, daga nan ya bazu zuwa wasu tsangayoyi masu yawa. Kusa da shi akwai kotun gwaji, inda ake ƙirƙiro shari'a, ɗalibai su rabu gida biyu su yi muhawara a gaban alƙali, wadda ke koyar da tsayuwa da tsara hujja da amsa tambayar ba-zata, ko da yake ba ta kai asibitin ba, tunda a kotun gwaji babu wanda zai kwana a tsare idan ɗalibi ya yi sakaci.

Inda aikin asibitin ya fi tasiri shi ne gidajen gyaran hali, sunan da gidajen yari suka koma ɗauka tun dokar 2019. Shekaru da dama ke nan kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba, wasunsu sun daɗe fiye da wa'adin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana goma sha huɗu, ta iyakance sabunta shi, ta kuma ɗora wa manyan majistarori ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, jihohi kuma suka yi nasu dokokin a kan wannan tafarki. Amma doka ba ta tashi da kanta ta buɗe ƙofa, sai an sami wanda ya zauna da ɗaurarre ya rubuta ranar da aka kama shi, ya bi sawun fayil ɗinsa daga caji ofis zuwa ma'aikatar shari'a, ya nemo danginsa da za su tsaya masa, ya tsara takardar neman beli. Ɗalibi ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali, amma duk waɗannan yana iya yi, sannan malaminsa ko lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ya gabatar da buƙatar. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci sashe na 35 na tsarin mulki, mai magana kan 'yancin walwala, fahimtar da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Akwai kuma gwanintar da aka daɗe ana raina wa a karatun lauya, wato sasanci. An buɗe kotun sulhu mai ƙofofi da yawa ta farko a Legas a 2002, wasu jihohi ciki har da Kano suka bi sahu, kuma a 2023 aka yi sabuwar dokar sasanci da shiga tsakani. Ga Bahaushe wannan tsohon abu ne da sabon suna, domin mai unguwa da dagaci da limami da dattawan kasuwa sun daɗe suna kashe wuta kafin ta kai gaban alƙali, kuma fiƙihu ya ware wa sulhu babi na kansa. Abin da lauya ke ƙarawa shi ne ya tabbatar mai rauni, kamar bazawara ko maraya, bai sarayar da haƙƙinsa don kunya ko tsoro ba, kuma ya rubuta abin da aka amince a kai ta yadda kotu za ta iya tilasta shi.

Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta gwargwadon buƙatar muhallinta. Wannan dama ce ga tsangayar da ke Kano ta zurfafa a dokar kasuwanci da bankin Musulunci da haƙƙin masu fasaha, ta Maiduguri ta dubi dokar jinƙai da haƙƙin 'yan gudun hijira, ta Sakkwato ko Katsina ta dubi cinikin kan iyaka da rikicin gona da burtali. Sai dai manhaja a takarda ba ta isa ba, domin koyar da gwaninta ya fi lacca tsada: malami ɗaya zai iya karantar da mutum ɗari uku dokar yarjejeniya a zaure guda, amma ba zai iya duba fayilolin fiye da 'yan ɗalibai kaɗan a asibitin shari'a ba, kuma yana buƙatar motar zuwa gidan gyaran hali, da kabad mai makulli don sirrin masu ƙara, da tsarin da zai sa fayil ya wuce hannun wani ɗalibi idan mai riƙe da shi ya kammala ko an tafi hutu ko yajin aiki. Haka kuma muddin ƙarin girman malami na rataye ne kan yawan maƙalun da ya wallafa kawai, ba a lissafa sa'o'in da ya ɓata yana gyara wa ɗalibi takardar beli, to aikin zai ci gaba da zama a wuyan 'yan tsirarun da ke yin sa don Allah, kuma a tsangayoyin da ba a ba da maki a kansa, ɗalibin da ya fi buƙatarsa shi ne zai fara guje masa idan jarrabawa ta matso.